CIKI BA DON TUWO KAƊAI AKA YI SHI BA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, faɗa na zo yi, kuma da wata magana guda ɗaya zan yi shi, wadda ta zame mana jiki. Za ki ji ta a gidan biki, ki ji ta a gidan suna, ki ji ta a wajen kitso. Da zarar an ɗauko zancen mulki sai ki ga wata ta taɓe baki ta ce, "Ni ina ruwana da wanda ke sama? Ko soja ne ko farar hula, kai ko baƙo ne daga wata ƙasa, in dai shinkafa za ta yi arha in dafa wa 'ya'yana, shi ke nan." Sai sauran su amsa da wallahi gaskiyarki.

To ni na ce ba gaskiyarta ba ce. Wannan magana guba ce da aka kwaɓa da zuma, kuma mu mata mu ne za mu fara shan wahalarta ranar da ta tabbata. Shaidar da zan kafa wani ɗan littafi ne na Turanci mai babi 8 kacal, sunansa The Moon Is Down, wato wata ya faɗi. Wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, John Steinbeck, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1962. Littafin ya fito a watan Maris na 1942, lokacin yaƙin Hitila yana tsakiyar ci, sojojin Jamus sun mamaye ƙasashen Turai da yawa. Marubucin bai ambaci sunan garin da labarin ya faru ba, bai kuma faɗi sunan ƙasar sojojin da suka ci garin ba, amma duk wanda ya karanta a lokacin ya gane hannunka mai sanda ne. Gari ne a bakin teku mai tsananin sanyi da dusar ƙanƙara, kamar garuruwan ƙasar Norwe wadda Jamus ta afka wa ranar 9 ga Afrilu, 1940.

Ga yadda aka ci garin. Mutanensa sun daɗe cikin zaman lafiya har sun manta da wani abu wai shi yaƙi. Arzikinsu kwal ne da suke haƙa da kuma kamun kifi, sojojinsu gaba ɗaya 12 ne. A cikinsu akwai wani ɗan kasuwa mai kanti, Korel, mai fara'a da son kyauta, kowa na ganin mutuncinsa. Ranar wata Lahadi sai ya ara wa ɗan sandan garin da ma'aikacin gidan waya jirgin ruwansa su je kamun kifi, ya kuma shirya wa sojojin nan gasar harbi a bayan gari, da abinci da kyaututtuka duk daga aljihunsa. Kafin su ankara abokan gaba sun sauka ta sama da ta ruwa. Sojojin suka rugo a guje, nan take aka kashe 6. Kafin azahar an gama komai. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari, kuma ki lura da abin da aka saye su da shi: abinci ne da kyauta. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa wannan bawan Allah yake ta ɗawainiya haka, me yake nema a ƙarƙashi.

Shugaban sojojin, Kanar Lansa, ba irin mugun da kike gani a fim ba ne mai jajayen idanu da tsawa. Dattijo ne mai ladabi, ya taɓa yin yaƙi tun da ƙuruciya, ya gaji da ganin jini. Ya shigo gidan magajin gari da sallama da ban haƙuri, ya ce shi ba ya son tashin hankali, kwal kawai suke buƙata, kowa ya ci gaba da aikinsa kamar jiya, a zauna lafiya. Kin ji fa. Wannan ai ita ce maganar ƙawarmu ta wajen kitso, sai dai yanzu daga bakin mai bindiga take fitowa. Duk mai danniya abin da yake so ki yarda da shi ke nan, cewa babu abin da ya canja sai hular wanda ke zaune a kujera.

Sannan Kanar ya nemi abu guda: magajin garin, wani tsoho mai suna Oden, ya ci gaba da riƙe muƙaminsa, umarni ya riƙa fitowa ta bakinsa, hukunci ma ta hannunsa. Shi Korel ya so a ba shi kujerar ladan cin amanarsa, Kanar ya ƙi, don ya san mutane ba za su bi shi ba. Wannan dabara ba baƙuwarmu ba ce, domin bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903 ba su rushe sarauta ba, sun bar ta a tsaye ne don umarninsu ya riƙa isa ga talaka da muryar da ya saba ji. Bindiga tana iya buɗe ƙofar gari, amma ba ta iya sa mutum ya tashi da asuba ya yi aiki da zuciya ɗaya. Mai mamaya ya fi kowa sanin haka, shi ya sa kullum yake neman aron bakin ɗan gari.

To a nan ne littafin ya fara koya mana mene ne dimokuraɗiyya, ba tare da dogon Turanci ba. Shi Oden ba gadon kujerar ya yi ba, zaɓensa aka yi. Ya nuna wa Kanar cewa shi bai isa ya yi alkawari da sunan mutanen garin ba sai ya san abin da suke so, domin su suka ɗora shi, kuma ranar da suka ga ya koma ɓangaren abokan gaba, ranar ya daina zama shugabansu ko da yana nan zaune a ofis. Kanar ya kasa gane wannan. A ƙasarsu mutum ɗaya ne yake tunani, saura su ce to. Ya ɗauka in ya riƙe kai ya riƙe jiki gaba ɗaya, bai san a wannan gari ikon yana wajen jama'a ba ne, shi tsohon amanarsa kawai aka ba shi.

Ba a daɗe ba aka gwada shi. Wani mahaƙin kwal mai suna Alek Modin, wanda ya taɓa zama kansila, ya ce ya gaji zai bar aiki ya tafi gida. Wani hafsa mai girman kai, Kyaftin Loft, ya daka masa tsawa ya ce dole ya koma. Zuciya ta ɗebi Alek ya ɗaga diga ya nufe shi, sai wani hafsan, Kyaftin Bentik, ya shiga tsakani, digar ta same shi ya mutu. Yanzu ina tambayarki 'yar uwa: me ya harzuƙa Alek? Ramin nan shi ne ramin da yake shiga shekara da shekaru, kwal ɗin shi ne, digar ita ce. Abu ɗaya ne ya canja. Jiya da ƙafarsa yake zuwa kuma in ya ga dama ya bari, yau an ce masa ba shi da ikon cewa a'a. Ke da kike share ɗakinki kullum da daɗin rai, ranar da wata baƙuwa ta shigo ta tsaya a kanki ta ce sai kin share, tsintsiyar nan nauyi za ta yi miki kamar turmi. Wannan nauyin shi ne rashin 'yanci, kuma cikakken ciki ba ya sauke shi.

Kanar ya ce magajin gari ne zai yanke wa Alek hukuncin kisa, don mutane su ga kamar shari'ar garinsu ce ta kama shi. Tsohon ya ƙi. Ya ce dokar garinsu ba ta ba shi wannan iko ba, kuma in har kisan kai ake hukuntawa, to a fara da waɗanda suka harbe samarin garin su 6 ranar da aka shigo. Bai iya ceton Alek ba, an fitar da shi dandali an harbe shi. Amma ya hana a yi kisan da sunan jama'a, kowa ya gani da idonsa cewa ƙarfi ne aka nuna, ba adalci ba. Ƙarar harbin ba ta gama lafawa ba wani ya harbo ta taga ya raunata ɗaya daga cikin hafsoshin. Daga ranar garin ya daina ruɗewa, ya fara fushi.

Mu dawo kan shinkafar da ƙawarmu take magana. Da sanyi ya tsananta, kwal ya ƙi fitowa yadda ake so, injuna suna ta lalacewa ba a san dalili ba, me kike tsammani sojojin suka yi? Abinci suka riƙe. Suka riƙa ciyar da mazan a bakin rami don su sami ƙarfin aiki, aka kuma shaida musu cewa in kwal bai fito ba, iyalansu ba za su sami abin ci ba. Kin ga inda maganar ta ƙare. Hannun da ya ba ki tuwo ba tare da kina da ikon tuhumarsa ba, shi ne hannun da zai janye kwanon ranar da ya ga dama, kuma da yunwar ɗanki zai juya mijinki. Wadda ta ce a ba ta abinci a riƙe 'yancin, ta miƙa wuƙa da nama ne, ba ta kuma da wurin kai ƙara ranar da aka hana ta duka biyun.

Wata za ta ce, to ai duk wannan harkar maza ce, magajin gari namiji, Kanar namiji, mu me ya kai mu? Haba 'yar uwa. Mutum na farko da ya nuna wa sojojin nan iyakarsu a cikin littafin mace ce, kuma a kicin take. Sunanta Ani, mai yi wa magajin gari girki, masifaffiya ce ta gidan gaba. Tun ranar farko, manyan maza suna falo suna lissafin kalmomin da za su faɗa, sojoji suka tsaya mata a ƙofar baya suna leƙenta. Ta ce su matsa suka ƙi, sai ta sheƙa musu tafasasshen ruwa. Ita ba ta san wata kalma wai ita dimokuraɗiyya ba, abin da ta sani shi ne nan wurinta ne, ba wanda ya isa ya tsaya mata a kai ba da izininta ba. Daga baya ita ce ta zama kunne da ƙafar magajin gari. Shi yana tsare a gidansa sojoji sun cika saman bene, ita kuwa tana fita da kwandonta ta kai saƙo ta kawo labari, babu wanda ya damu da ita don ai 'yar aiki ce. Asalin karin maganar nan ta ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, a kan riƙe sirri take, kuma cikin Ani ya riƙe sirrin gari guda.

Sai Moli, matar marigayi Alek. A ɗakinta aka yi taron sirri cikin dare, inda magajin gari da amininsa Dakta Winta suka sallami wasu samari biyu 'yan uwan juna da za su tsere Ingila ta teku, aka ba su saƙon a turo wa mutanen garin nakiya. A daren ne wani matashin hafsa, Laftanar Tonda, wanda kaɗaici ya kusa haukata shi, ya zo yana roƙonta ta yi hira da shi kawai, ta yi masa murmushi irin na mutum da mutum. Wallahi in kina karanta wurin sai kin ji tausayinsa, ita ma Moli ta ji. Amma da ya dawo, almakashinta na saƙa ta ɓoye a riga ta buɗe masa ƙofa, kuma bai fita da rai ba. Ban kawo wannan don in ce wata ta ɗauki makami ba, Allah Ya raba mu da ganin irin wannan rana. Na kawo ne don ki ga abin da mamaya take mayar da mutane. Yarinya mai son ado da tsaftar ɗaki ta zama mai kisa, yaro mai rubuta waƙoƙin soyayya ya zama gawa a ƙasar da ba tasa ba. Da a lokacin zaman lafiya suka haɗu, wa ya sani ko labarinsu irin wanda muke rubutawa ne?

Akwai kuma makamin da ya fi almakashi kaifi, wanda kowace mace a garin ta riƙe: shiru. Soja zai shiga kanti a ba shi abin da ya nema ba tare da an kalli fuskarsa ba. Zai ji ana dariya a wani wuri, yana shiga dariyar ta ɗauke. In ya ci abinci a gidan abinci ya tarar gishiri ya yi yawa ko barkono ya zarce. Sannu a hankali waɗanda suka ci gari suka zama su ne a tsare, ba mai iya fita shi kaɗai da dare, ba mai iya barci da ido biyu rufe. An ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana, gaskiya ne, amma ba a ce tana samun barci a ɗakin ba.

Ita kuwa ƙawarmu mai cewa ina ruwana, ita ma tana cikin littafin. Ita ce uwargidan magajin gari. Ranar da aka ci garinsu, damuwarta ita ce shin shayi ya kamata a ba Kanar ko abin sha na alfarma, kuma ko mijinta ya gyara tufafinsa. Ba muguwa ba ce, tana son mijinta, burinta dai gida ya tafi daidai. Amma rashin ruwanta bai hana a kwashe mata ɗakuna a ba sojoji ba, bai kuma hana a zo a tafi da mijin ba. In ke ba ruwanki da mulki, shi mulki yana da ruwa da ke har cikin ɗakin kwananki.

Na san mai gardama za ta ce ai wannan ƙagaggen labari ne, farfagandar yaƙi ce. Ƙwarai, don ƙarfafa gwiwar ƙasashen da aka mamaye aka rubuta shi, ba a ɓoye ba. A Amurka ma wasu masu sharhi sun caccaki marubucin, wai ya nuna sojojin mamaya a matsayin mutane masu tausayi da kewar gida maimakon dodanni. To amma su waɗanda abin ya shafa fa? A Norwe da Denmak da Holan da Faransa mutane sun fassara shi a ɓoye, sun buga shi a ɓoye, yana yawo daga hannu zuwa hannu alhali kama mutum da shi babban haɗari ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ƙarya ce a ciki, da ba su sa wuyansu a kansa ba. Bayan yaƙi Sarkin Norwe, Hakon na 7, ya ba marubucin lambar yabo ta 'yanci saboda wannan littafi.

Kuma abin da ya faru a zahiri a Norwe ya ma fi na littafin. Suna da nasu Korel ɗin, wani ɗan siyasa mai suna Kwislin, wanda har yau a Turanci sunansa ya zama zagi ga duk maci amanar ƙasarsa. A 1940 Jamusawa suka matsa wa Sarki Hakon ya naɗa shi shugaban gwamnati, Sarkin ya ce ya gwammace ya sauka daga gadon sarauta, ya kuma bar ƙasar zuwa Ingila tare da gwamnatinsa. A watan Fabrairu na 1942 Kwislin ya kafa dokar cewa dole malaman makaranta su shiga ƙungiyarsa, yara kuma a sa su cikin ƙungiyar matasan jam'iyyarsa. Mafi yawan malaman suka rubuta takarda da sunansu suka ce ba za su yi ba. Aka kama fiye da 1,000, aka tura kusan 500 aikin wahala a Kirkenes, can ƙarshen arewacin ƙasar inda sanyi ke kisa. Iyaye dubbai suka bi bayansu da wasiƙun ƙin yarda, har shirin ya wargaje. Mutane suka riƙa sa jar hular saƙa don nuna inda zuciyarsu take, har sai da hukuma ta haramta sa jar hula. Ki duba fa, gwamnati mai tankoki da jiragen yaƙi tana tsoron abin da aka saƙa da zare da ƙwarashi. Mamayar ta ƙare a watan Mayu na 1945, shi kuma Kwislin aka yi masa shari'a aka harbe shi a watan Oktoba na wannan shekara.

Saura gardama ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce ƙarfi: ai mulkin zaɓe surutu ne da jan ƙafa, gara mai ƙarfi guda ya zo ya gyara. Littafin bai musa jan ƙafar ba. Mutanen garin sun yi sakaci, an ci su da safe ɗaya, sun ɗauki lokaci suna kallon juna kafin su san abin yi. Amma ki ga ƙarshen. Jirage suka zo da dare suka zubo ƙananan laimomi ɗauke da nakiya da ɗan cakulan, yara da manya suka tsince suka ɓoye, layin dogo ya fara tashi. Korel ya samo izini daga sama aka kama magajin gari da Dakta Winta, aka ce in an sake jin fashewa za a kashe su. An ɗauka in an sare kai jiki zai faɗi. Tsohon yana jin tsoro, bai ɓoye ba, amma ya ƙi roƙon mutanensa su daina, ya kuma san ko ya roƙa ba za su daina ba, don in babu shi wani zai tashi, in an kashe wannan wani ya sake tashi. Yana cikin tuno jawabin da Sokratis, masanin nan na ƙasar Girka, ya yi wa waɗanda suka yanke masa hukuncin kisa, wanda ya haddace tun yana ɗan makaranta, sai aka ji ƙarar nakiya. Uwargidansa ta fito da sarƙar muƙaminsa ta rataya masa a wuya, ya bi soja ya fita da ƙafarsa. Inda mutum ɗaya ne ke tunani, ranar da ya ɓata kowa ya ɓata. Inda kowa ya saba da tunani da faɗin ra'ayinsa, sai an kashe gari kaf kafin a kashe shugabanci. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, iyayenmu sun faɗa tun kafin a haifi mai littafin.

Na sani sojan mamaya daban, azzalumin gida daban, ba kuma cewa nake duk wanda aka zaɓa mutumin kirki ne ba, mun ga ɓarayi da ƙuri'a a hannu. Amma tambayoyi biyu ne ya kamata kowace mace ta riƙa yi game da duk wanda ke mulkinta: wa ya ɗora shi, kuma in ya ɓata wa zai iya sauke shi ba tare da an zubar da jini ba? In amsar ita ce ke da maƙwabciyarki, to kina da abin da Ani da Moli suka rasa, kada ki ba da shi a bakin taliya da sabulu da turmin atamfa, don Korel ma da liyafa ya fara. In kuwa amsar ita ce babu kowa, to arhar shinkafar nan aro ce, mai ita zai karɓi abinsa ranar da ya so.

Don haka 'yar uwa, gobe in kin ji an sake yin waccan magana a wajen kitso, kada ki ce gaskiyarki. Ki ba su labarin kukun da ta watsa ruwan zafi, ki tambaye su da yunwar wa aka juya mazan garin. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya kare mu daga ranar da baƙo zai tsaya mana a ƙofar kicin. Na bar ku lafiya, sai mun haɗu a rubutu na gaba.